Halliru da Sauransu

Idi direba ya kashe motar a bakin kasuwa, don babu inda za ta. Ranar Lahadi ce, Illela ta cika maƙil, wata tirela mai lodin shanu ta gitta titi tana neman juyawa a wurin da ko amalanke ba zai juya ba. Dakta Sharafaddeen ya sauke gilashi. Zafi ya shigo da warin kashin shanu da na ruɓaɓɓiyar albasa, sai ya mayar da shi.

"Na ce maka mu bi ta baya," in ji shi.

"Bayan ma shanu na, Dakta," in ji Idi. "Yau ranarsu ta. Masu boko su jira."

A kujerar baya Lubabatu ta yi dariya ƙasa-ƙasa ba ta ɗago ba. Ɗalibarsa ce ta digiri na uku, uwar 'ya'ya huɗu, 'yar Amarawa. Tun daga Sakkwato kwamfuta na kan cinyarta tana gyara maƙalar da suka zo dominta. An gama komai na maƙalar, jadawali da hotuna da jerin madogara. Layi ɗaya ya rage a ƙarƙashin take, inda ake jera sunayen marubuta, kuma saboda wannan layin ne suka yi sammako.

Sharafaddeen na gab da cika shekara sittin da biyar. A jami'a, wanda bai kai farfesa ba a wannan shekarun sai ya kwashe littattafansa ya tafi gida. Farfesa kuwa yana da sauran shekara biyar. Shi mataimakin farfesa ne tun gashinsa na baƙi. Bara ya tura takardunsa, masu tantancewa na waje suka dawo da su cikin ladabi: maƙaloli da yawa, an kafa hujja da su sau dubbai a duniya, amma ba su ga guda ɗaya da mai neman ya jagoranta ba. Shugaban tsangaya ya tare shi a baranda ya rage murya.

"Kawo ɗaya tak, a mujalla mai nauyi, sunanka a farko, kafin kwamiti ya sake zama. Sauran ka bar mini."

Ba kujerar ce ta dame shi ba, ko haka yake gaya wa kansa. Gidan ne. Tun da matarsa Hadijatu ta rasu, yaran suka koma Abuja da Kaduna bayan sadakar arba'in, gidan ya zama wurin da yake ajiye takalma. A ofis yake karyawa, a ofis yake sallar la'asar, sai masu gadi sun fara kashe fitilu yake fita. Ya taɓa gwada zaman gida wuni guda a wani hutu. Kafin azahar ya wanke kofuna masu tsabta, ya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin sauro, ya gane cewa firji yana da murya. Shekara biyar ba su da yawa, amma sun fi wannan.

Tirelar ta samu ta juya. Idi ya tayar da mota.

Yadda aka yi mutum mai maƙaloli kusan ɗari bai taɓa zuwa farko ba, labari ne da shi kansa ba ya son bayarwa, don babu mugu a cikinsa da za a nuna da yatsa. Yana saurayi Farfesa Halliru ya ɗauke shi aikin tsargiya a tafkin Kalmalo. Shi ke shiga ruwa har ƙugu yana tsintar katantanwa, shi ke bin masunta da manoman rafi da kwalabe yana roƙonsu fitsari, shi ke zama gaban madubin likita yana ƙirga ƙwan tsutsa har idonsa ya yi ja. Farfesa Halliru yakan zo daga Sakkwato sau ɗaya a wata ya gaisa da hakimi. Akwai kuma wani dogon Bature daga wata jami'ar Turai, wanda ya kawo kuɗin aikin da firji mai aiki da kananzir. Mutanen Kalmalo ba su wahalar da kansu da sunansa ba, Baturen Fitsari suke ce masa, shi kuma yana amsawa.

Da Sharafaddeen ya buga maƙalarsa ta farko a tafireta, ya zo kan sunaye, ko tunani bai yi ba. A gidan da ya tashi ɗalibi ba ya tafiya gaban malaminsa, ba ya zama sama da shi, ba ya riga shi sa hannu a akushi. Ya sa Halliru a farko. Ya so ya sa baƙo na biyu, sai Baturen ya ɗaga hannu ya ce a'a, shi a kai shi can ƙarshe. Sharafaddeen ya yi mako yana ba da labarin tawali'un mutumin nan. Har a masallaci ya faɗa, cewa ga wanda ba ya salla amma ya fi wasu masu salla sanin ƙasƙantar da kai.

Sai bayan shekaru, a wani taro a Dakar, wata likita 'yar Ghana ta yi masa bayani a kan layin karɓar abinci, tana mamakin bai sani ba. A wannan sana'a wurare biyu ne masu daraja. Na farko na wanda ya yi aikin, na ƙarshe na maigidan da aka yi aikin a ƙarƙashinsa. Tsakiya benci ne, kowa ya matsa a zauna. Kuma duk wanda zai kafa hujja da maƙala, sunan farko kawai yake kira, ya ce da sauransu. Daga Alƙahira har Brazil, duk mai rubutu a kan tsargiya sai ya ce Halliru da sauransu. Sharafaddeen ya tsaya da faranti a hannu ya gane shi ne sauransu.

A lokacin an riga an yi nisa. Maƙaloli sun wuce goma, kuma ya auri Hadijatu, ƙanwar Farfesa Halliru, wanda shi ne ma waliyyinta. Ya canja jeri a lokacin, daidai yake da ya shiga rediyo ya ce ya ɓata da surukinsa. Hadijatu ce kaɗai ke faɗa. "Yaya ya ƙoshi," takan ce tana ninke masa kaya. "Kai ne ba ka daina zuba masa ba." Yakan ce mata ba ta san harkar ba. Ta san ta sarai.

Motar ta tsaya a ƙofar wani tsohon gida mai faffaɗan zaure, a unguwar malamai. Nan Farfesa Halliru ya dawo bayan ya yi ritaya, ya zauna a kan buzun mahaifinsa, yana amsa tambayoyin gado da na iddah kamar bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Lubabatu ta gyara mayafi ta shige cikin gida gaida mata. Idi ya ja mota ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ya kwantar da kujera.

Mukhtari ne ya tarbi Sharafaddeen, babban ɗan Malam, ɗan kasuwa mai kai da kawo tsakanin Illela da Ƙonni ta Nijar, da waya biyu a hannu ɗaya.

"Baba Dakta! Yau da alheri munka tashi. Ka zo daidai, jiya lambar Malam ta sake hawa." Ya juya masa fuskar waya. Shafin nan ne da ke ƙirga yawan ambaton da masana suka yi wa mutum, da hoton Malam na shekara talatin baya, da kwat. "Ni kullum da sahe abu biyu nika dubawa, canjin kuɗin sefa da Malam. Sefa ta hau ta sauka. Malam hawa kawai shika yi."

"Allah ya ƙara," in ji Sharafaddeen yana cire takalmi.

"Kai taka nawa ta kai?"

"Ban duba ba."

Ya duba da asuba. Lambobinsu kusan ɗaya ne, tunda maƙalolin ɗaya ne. Bambancin shi ne ba wanda ya taɓa gayyatar lamba ta zo ta yi jawabi.

Malam na zaune ya jingina da bango, ya rame, yanar ido ta sa idanunsa sun yi fari-fari, amma kunnen na nan. Sharafaddeen ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Sharafu. Na ji gwiwarka kahin in ji sallamarka. Ashe kai ma ka tsuhwa."

"Ana nan ana bin ku, Malam."

"Kada ka yi sauri."

Aka gaisa, aka tambayi yara, aka yi wa Hadijatu addu'a. Aka zagi zafi, aka zagi wutar lantarki. Mukhtari ya yi ƙorafin masu kakin da ke kan iyaka, na wannan gefe da na wancan, ya ce bambancinsu kawai yaren da suke tambaya da shi. Sharafaddeen ya shirya maganarsa tun a Gwadabawa, ya sake shirya ta a cikin cunkoson shanu, amma yanzu da ya buɗe baki sai ya ji yana ba da labarin rufin ɗakin gwajinsu da ke yoyo.

Aka aiko da fura daga cikin gida a babbar ƙwarya. Malam ya lalubi ludayi.

"Bismilla, Sharafu."

"Alhamdu lillahi, Malam. Mun karya."

Rabonsa da abinci tun shayin jiya da la'asar. Malam ya sha ludayi biyu, ya goge gemu.

"To hwaɗi. Ba yoyon ruhi ya taso ka daga Sakkwato ran kasuwa ba."

Sai ya faɗa. Ya faɗi shekarunsa, da masu tantancewa, da abin da shugaban tsangaya ya ce a baranda. Ya ce akwai maƙala a hannu, mai kyau, wata babbar mujalla ta nuna tana so. Ya ce ya zo neman izini ne, a wannan karon kaɗai, ya sa sunansa a gaba, na Malam ya biyo. Yana magana yana kallon tabarma, mutum mai jikoki, kamar wanda ya fasa tulu.

Mukhtari ya ajiye wayoyinsa. "Wato a maida Malam baya?"

"Kai, yi muna shiru," in ji Malam. Ya juya farin idonsa wajen Sharafaddeen. "Yanzu da na yi maka tayin hura, mi kac ce?"

"Na ce alhamdu lillahi."

"Ka ƙoshi?"

Sharafaddeen ya dubi ƙwaryar.

"Tun ɗazu cikinka ka kuka, ina jin shi. Amma ka ce alhamdu lillahi, don haka aka yi. Kai ka iya. Ni ban iya ba." Ya tura ƙwaryar gefe. "Ran da ka kawo man takardar nan ta hwarko na ga sunana bisa, na san wurin wa na. A Ingila niy yi karatu, Sharafu, ba a bakin tabki ba. Na san tayi na. Na jira bakina ya ce alhamdu lillahi, sai na ji ya ce madalla."

Daga nesa ana jin kukan shanu da hon ɗin babura.

"Ba ka taɓa gaya mini ba, Malam."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Lokacin ni ma kujerar nika nema, kuma akwai wani mutumin kudu da ka gabana da takarda shida. Ka kawo ta biyu, na ce wagga ita ta ta ƙarshe. Ka kawo ta goma, na daina cewa komi." Ya ɗaga kafaɗa. "In kana jira in ce na yi nadama, za ka daɗe durƙushe. Da sunan nan na ga ƙasashen da ko a taswira ban san su ba. An tashi tsaye an tahwa man a ɗakin da ya hi kasuwar ga girma. Na ji daɗi ƙwarai."

Sharafaddeen ya ɗauka in ranar nan ta zo zai yi fushi. Ya sha shirya fushin a mota, a banɗaki, a kan sallaya. Abin da ya ji yanzu bai kai fushi ba. Ya fi kama da abin da mutum ke ji in ya biya kuɗin mota, ya zauna, ya gane tun farko kyauta ake shiga.

"Hadijatu ta gaya man," in ji Malam. "Nan inda kake. Ta ce Yaya ka ji tsoron Allah. Na ce ta turo ka ka hwaɗi da bakinka. Ba ka zo ba sai da ta mutu."

"Allah ya jiƙanta," in ji Mukhtari da sauri, don ya ga fuskar Baba Dakta.

"Amin. To ka zo. Cire ni. Ba baya ba, cire ni duka."

"Haba Malam," in ji Mukhtari, "lambar hwa?"

"Ka kai ta Ƙonni ka ga ko za su canja maka ita." Ya koma kan Sharafaddeen, muryarsa ta sauya, ta koma irin ta ɗakin lacca. "Mi kunka gano?"

Wannan ya fi sauƙi. Sharafaddeen ya gyara zama ya ce maganin da ake rabawa duk shekara ba ya wanke tsutsar daga jikin wasu masunta kamar da. Ana ba su, a dawo bayan makonni a tarar da ƙwai, kuma ƙwan na ƙyanƙyashewa.

"Ba sake kamuwa sunka yi ba? Mutanen da ka kwana cikin ruwa?"

"An raba wannan da wancan, Malam."

"Ta yaya?"

Sharafaddeen ya buɗe baki. Ya san amsar a dunƙule, kamar yadda mutum ya san hanyar garin da aka taɓa kai shi a mota. Ya waiga wajen ƙofar cikin gida. Lubabatu ta riga ta fito, tana durƙushe a bakin ƙofar da jakar kwamfutarta, tana jiran a ba ta damar gaisuwa.

"Lubabatu, yi wa Malam bayani."

Ta gaida shi, ta yi bayani a taƙaice. An samu masunta da suka yarda su bar ruwa na wani lokaci bayan shan magani, aka riƙa biyansu abin da za su samu a kamun kifi. An gwada ƙwayoyin halittar tsutsar kafin magani da bayansa, aka ga dangi ɗaya ne, ba sabbi ba. Da aka rufe iyaka, abokin aikinsu Dakta Sufyanu na Ƙonni ya riƙa turo nasa samfurin a cikin kular ƙanƙara ta hannun masu babur, ita kuma tana tarbarsu a bayan gari.

"Ɗiyar wa ta?"

"'Yar Alhaji Faruk ce, na Amarawa," in ji Mukhtari.

"Na san kakanki. Shi ma ya ba mu hitsari." Malam ya yi murmushi. "Wa yas shawo kan masunta su bar ruwa?"

"Mun yi ta zuwa ne, Malam."

"Ban ce ku ba. Wa?"

Ta dubi Sharafaddeen. Shi yana kallon tabarma.

"Ni ce, Malam."

"Wa yaƙ ƙirga ƙwan?"

"Ni ce."

"Wa yar rubuta?"

"Dakta ya duba mini, ya yi gyara sosai."

"Na ji. Ni ma na sha yin gyara sosai." Ya lalubi ludayinsa. "To Sharafu, ka sha rana banza. Wurin da ka zo roƙo ba nawa ba na. Ga mai shi nan bakin ƙohwa."

Mukhtari ya ɗauki waya ya shiga duba abin da ba ya nan.

"Ban ce ka bar mata ba," in ji Malam, "ban ce ka amshe ba. Ni ba ni da bakin wa'azi a nan. Ku tashi, an kusa kiran salla."

Bayan azahar suka kama hanya. Kasuwa ta fara sakin mutane, motocin albasa na fita a jere. A bakin gari Idi ya tsaya inda ake sayar da dogon burodin Ƙonni, ya ce uwargida ta ce kada ya dawo babu shi, in ba haka ba ya kwana a gareji. Ya bar ƙofofi a buɗe don iska, ya tsallaka titi.

Sharafaddeen na gaba, Lubabatu na baya. Ya ji ta buɗe kwamfuta, ya ji ta haɗa ta da wayarta. Sun yi da editan mujallar za su tura yau.

Ya san abin da ke gabanta, don shi ya rubuta mata takardar shaida da hannunsa. Akwai wata gidauniya da ke ba matasan masu bincike na Afirka tallafin shekara uku, da ɗakin gwaji nasu na kansu. Sharuɗɗan biyu ne: kada mai nema ya wuce arba'in, kuma ya kasance yana da maƙala a babbar mujalla da sunansa a farko. Lubabatu na da talatin da tara. Shekara uku ta yi tana barin yara wurin uwarta a Amarawa tana shiga laka. Ta taɓa kamuwa da tsargiyar ma, ta sha maganin da take bincike a kai, ta yi dariya ta ce ta zama samfuri.

"Malam," ta ce, "na cire Farfesa kamar yadda ya ce. Na sa Dakta Sufyanu na uku. Baturiyar da ta gaji Baturen ta ce a bar ta a ƙarshe."

"Sun saba."

"Saura na ɗaya da na biyu."

Ya gyara madubin gefe, wanda ba abin da ya same shi.

"Ni dai ba zan shiga gabanka ba, Malam," ta ce. "Kai ka koya mini riƙe madubi. Kai ka kai ni Kalmalo. In ba ka tsaya mini ba da tuni an kore ni lokacin da na haihu. Ka sa naka a farko."

Ta faɗe shi daidai, ba gargada, kamar yadda aka koya mata a gida. Ba ta ce ba ta buƙata ba. Ba ta ce akwai wata maƙalar a gaba ba, don su biyun sun san babu wadda za ta fito kafin ta cika arba'in. Da ta gama ba ta taɓa kwamfutar ba. A madubin tsakiya yana ganin hannayenta a kan cinya, da fuskarta a sunkuye, tana jira.

Shi a zamaninsa bai san abin da yake bayarwa ba. Ita ta sani. Ta karanta sharuɗɗan gidauniyar fiye da yadda ya karanta, ta san yadda ake kiran maƙala a taro, ta san wanda ake gayyata da wanda ake cewa a gaishe shi. Ta faɗi nata ne don ba yadda za a yi 'yar Alhaji Faruk ta zauna bayan malaminta a mota ta ce wurin nata ne. Ta yi abin da ya rataya a wuyanta. Saura nasa, kuma kalma biyu ce ko uku. A'a, 'yata. Aikinki ne.

Kalmomin na bakinsa. Ya ji nauyinsu a kan harshe. Ya ga kansa yana faɗa, ya ga ta yi musu sau ɗaya don ladabi, ya ga ya daka mata tsawa irin ta uba, ta yi shiru ta rubuta. Ya ga walimar ban kwana a tsangaya, da lemo mai ɗumi, da agogon bango a kwali. Ya ga kansa ya buɗe ƙofar gida da rana tsaka ranar Litinin, agogon a hammata, babu wanda zai ce masa sannu da zuwa, babu kuma inda zai je gobe.

A tsallaken titi Idi na jayayya da mai burodi, yana matsa kowanne da yatsa.

"Akwai sauran samfurin ƙauyen Darna da ba mu taɓa ba," in ji Sharafaddeen. Muryar ta fito kamar ta wani. "Wannan in mun rubuta, taki ce. Daga farko har ƙarshe."

"To, Malam."

"Kuma in na samu kujerar nan zan fi iya tsaya miki. Akwai wasu gidauniyoyin. Ba wannan kaɗai ba ce."

"Haka ne, Malam."

Ta ƙara jira kaɗan. Ya san tana jira, ta san ya sani. Wata akuya ta leƙo ta ƙofar direba ta shinshina kujera ta wuce.

"To," ya ce. "Tunda kin ce."

Ya ji ƙarar maɓallan, ba su da yawa. Sunansa dogo ne, amma ta saba rubuta shi. Ta miƙo kwamfutar ta tsakanin kujeru don ya gani. Ga take, ga sunansa a ƙarƙashi, shi kaɗai a bakin layi, babu kowa a gabansa. Ya daɗe yana son ya ga yadda zai yi kyau a wurin. Ya yi kyau.

"Babu kuskure?"

"Babu."

Ta janye kwamfutar. Sadarwar bakin iyaka na da nauyi, sai da aka ɗan jima.

Idi ya dawo da burodi uku a hammata, ya jefa su kan gaban mota, ya zauna yana haki.

"Ɓarayi na, wallahi. Burodin ma ya san an ruhe iyaka." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Lahiya kunka yi shiru awa gidan makoki?"

"Lafiya lau," in ji Lubabatu. Ta rufe kwamfutar, ta sa a jaka, ta ja zif ɗin har ƙarshe. "Ta tafi. Allah ya sanya alheri, Farfesa."

Idi ya tafa hannu. "Kai! Har an ba shi?"

"Za a ba shi," ta ce, ta juya fuskarta wajen taga.

Sharafaddeen ya ce amin. Idi ya tayar da mota.